Jirgin Mina da Arfa, da Tambayar da Ake Yi a Kalgo

Duk shekara idan alhazan Jihar Kebbi suka sauka a filin jirgin sama na Sir Ahmadu Bello da ke Ambursa, ban da dabino da zamzam, sukan zo da wata tsaraba wadda ba ta shiga jaka, watau labarin jirgin ƙasan nan mai aiki da wutar lantarki da ke kai da komowa bisa gada tsakanin Mina da Muzdalifa da Arfa. Da wanda ya hau shi da wanda ya hango shi daga tagar bas, duk bakinsu ɗaya: ba hayaƙi, ba rugugin inji, kuma yakan kwashe taron da ya kai cikin kasuwa kafin mutum ya gama ɗaura takalmi. Daga nan sai hira ta juyo gida. Me zai hana a shimfiɗa irinsa daga Birnin Kebbi zuwa Kalgo, ko ma a ja shi har Gwandu?

Tambayar tana da ƙafar tsayawa. Tsawon layin na Makka kilomita 18 ne da ɗan ɗoriya, tazarar Birnin Kebbi da Kalgo kuwa ba ta ma kai haka ba. Tun da aka kafa Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi a shekarar 2013, aka kuma zaunar da ita a hanyar Kalgo zuwa Bunza, ɗalibai da ma'aikata suke bin wannan titi safe da yamma, a ƙananan motoci da keke mai ƙafa uku da babura, suna goga kafaɗa da manyan motocin da suka nufi Jega ko Kamba. Duk da haka amsar da ta dace ita ce a'a, ba yanzu ba. Dalilin kuwa yana cikin ƙirar jirgin kansa, saboda haka sai an fara duba yadda aka yi shi.

Jirgin da ba shi da kai

Jirgin ƙasan da Arewa ta sani, tun daga wanda ya iso Kano a 1911, kai ɗaya gare shi mai inji, yana jan taragai waɗanda ba su da ƙarfin kansu. Jirgin Mina ba haka yake ba. Taragai 12 ne a haɗe, tsawonsu ya kusa mita 280, kuma 8 daga cikinsu suna da injinan lantarki a ƙarƙashinsu, kusa da ƙafafu. Sauran 4 ne kawai ake ja. Akwai mazaunin direba a gaba da baya, don haka idan ya kai ƙarshen layi ba a juya shi, sai dai ya koma ta inda ya fito. Kamfanin ƙera jiragen ƙasa na birnin Changchun a ƙasar Sin ne ya yi su, guda 17, da gangar jiki ta alminiyon don rage nauyi.

Wannan dabara ta rarraba injina ba sabuwa ba ce. Werner von Siemens ya nuna ƙaramin jirgin lantarki a wani baje koli a Berlin ta Jamus a 1879, amma shi ma kai ne mai jan taragai. Wani injiniya Ba'amurke, Frank Sprague, shi ne a 1897 ya fito da hanyar da direba ɗaya zai sarrafa injinan taragai da yawa a lokaci guda, aka kuma fara aiki da ita a jirgin bisa gada na birnin Shikago. Kusan duk jiragen da ke jigilar ma'aikata a manyan biranen duniya a yau jikokin wannan dabara ne.

Me ya sa aka sha wannan wahala? Ƙafar ƙarfe a kan dogon ƙarfe santsi gare ta. Wannan santsi alheri ne, domin da zarar jirgi ya ɗauki hanya ƙarfi kaɗan yake bukata ya ci gaba, ba kamar tayar roba a kan kwalta ba. Amma a lokacin tashi sai alherin ya zama matsala, don ƙafar takan yi ta juyawa a wuri ɗaya idan aka matsa mata, kamar yadda tayar babur take yi a rairayi. Abin da ke hana wannan sulɓi shi ne nauyin da ya danne ƙafar da inji yake juyawa. A jirgi mai kai ɗaya, nauyin kan ne kaɗai yake wannan aiki, duk sauran kaya ne. A jirgi irin na Mina, nauyin taragai 8 da na mutanen da ke cikinsu duk yana taimakawa wajen riƙe dogo. Watau fasinja da kansa ya zama wani ɓangare na ƙarfin da ke tafiyar da shi.

Ɗalibin aji huɗu na sakandare yana iya auna amfanin wannan da alƙalami. Gudun jirgin ya tsaya a kilomita 80 cikin sa'a, wanda ya yi daidai da kimanin mita 22 a daƙiƙa. Jiragen birni na irin wannan ƙira sukan ƙara gudun kusan mita 1 a daƙiƙa cikin kowace daƙiƙa. Ke nan cikin daƙiƙa 22, a tazarar da ba ta wuce mita 250 ba, ya kai iyakar gudunsa. Jirgi mai kai ɗaya ɗauke da irin wannan nauyi sai ya ci mintuna kafin ya kai nan. A doguwar tafiya irin ta Kano zuwa Legas wannan bambanci ba ya tsinana kome. A layin da tashoshi suke kusa da juna kuwa, shi ne gaba ɗayan sana'ar.

Wuta da birki

Jirgin yana shan wutarsa daga waya da aka rataya a samansa, ta hanyar wani hannun ƙarfe da ke kan rufin tarago yana goga wayar. Ƙarfin wutar bolt 1,500 ne. Wutar gida a Nijeriya bolt 230 ce, saboda haka wannan ta ninka ta fiye da sau shida. Dalilin zaɓen babban bolt yana cikin darasin da kowane malamin fiziks yake koyarwa: ƙarfin aiki shi ne bolt a ninka da amfiya, zafin da ke ɓacewa a waya kuwa yana bin amfiya ne a ninka da kanta. A ɗauka jirgi yana bukatar kilowat 3,000. A bolt 750 zai ja amfiya 4,000, a bolt 1,500 zai ja 2,000, asarar da ke cikin wayar kuma ta koma kashi ɗaya cikin huɗu. A bolt 25,000, irin wanda jirgin Haramain mai gudu tsakanin Makka da Madina yake amfani da shi tun 2018, amfiya 120 kacal zai ja. Shi ya sa doguwar hanya take son babban bolt, gajeriyar hanya kuma take haƙura da ƙarami, tana biya da yawan tashoshin rarraba wuta a gefen layi.

Wani abin sha'awa shi ne birki. Injin lantarki da janareto abu ɗaya ne, bambancinsu inda aka shigar da ƙarfi. A ba shi wuta ya juya, a juya shi ya ba da wuta, kamar ƙaramin dainamon da ke kunna fitilar keke. Michael Faraday ne ya gano asalin wannan a 1831. Jiragen birni na zamani idan za su tsaya sukan mayar da injinansu janareto, sai gudun jirgin ya koma wuta ya hau waya, wani jirgin da ke tashi ya sha. Jirgi mai nauyin tan 600 da ke gudun mita 22 a daƙiƙa yana ɗauke da makamashin da ya kai kimanin yunit 40 irin wanda ake saye a mitar gida. Ba duka ake ƙwatowa ba, amma jirgin dizal yakan ƙone nasa ne ƙurmus ya zama zafi a duk tsayawa.

Inda ainihin hikimar take

Wanda ya tsaya ga injina bai ga jirgin Mina ba tukuna. Hikimarsa tana ƙofofi. Kowane tarago yana da ƙofa 5 a kowane gefe, watau ƙofa 60 ke buɗewa a lokaci guda. Kujeru kaɗan ne, yawancin fasinjoji a tsaye suke, don tafiyar daga wannan ƙarshe zuwa wancan kimanin minti 20 ce. Jirgi ɗaya yana ɗaukar mutum 3,000, ke nan mutum 50 ga kowace ƙofa. An tsara layin ya iya kwashe mutum 72,000 cikin sa'a ɗaya zuwa fuska ɗaya. A raba 72,000 da 3,000, a sami jirgi 24 a sa'a, watau jirgi ɗaya duk bayan minti biyu da rabi. Da bas mai kujera 50 za a yi wannan aiki, sai an sami bas 1,440 a sa'a, ɗaya duk bayan daƙiƙa biyu da rabi, ba tsayawa, ba faci, ba direban da ya ɓata hanya.

Tashoshi 9 ne, uku a Mina, uku a Muzdalifa, uku a Arfa. Ana tara mutane rukuni-rukuni kafin su hau, akwai kuma bangon gilashi mai ƙofofi a bakin dandamali wanda ba ya buɗewa sai jirgi ya tsaya daidai da shi, don kada tururuwar jama'a ta tura wani kan dogo. Duk wani sashe na ƙirar amsa ce ga tambaya guda: yaya za a ɗauke mutane dubu ɗaruruwa daga wuri ɗaya zuwa wani cikin 'yan sa'o'i, alhali dukkansu dole su tashi a lokaci ɗaya?

Tarihin aikinsa ma darasi ne. An ba kamfanin gina layin dogo na ƙasar Sin kwangilar a watan Fabrairun 2009 a kan riyal biliyan 6.65, aka buɗe layin a Nuwamban 2010, ƙasa da shekara biyu ke nan. Gaggawar ta yi tsada, domin kamfanin ya sanar da asarar da ta wuce yuwan biliyan 4 a kan aikin. A Hajjin farko kimanin kashi ɗaya cikin uku na ƙarfinsa aka yi amfani da shi, sai a 2011 ya yi cikakken aiki. A 2020 da 2021, da annobar korona ta taƙaita yawan alhazai, an ajiye shi, ya dawo a 2022. A Hajjin 2023 da na 2024 hukumar jiragen ƙasa ta Saudiyya ta ba da lissafin hawa fiye da miliyan 2 a kowace shekara. Kuma duk wannan cikin kimanin mako ɗaya ne. Sauran shekarar jiragen suna hannun masu gyara da masu gwaji.

A dawo Kalgo

A ƙidayar 2006 Ƙaramar Hukumar Kalgo tana da mutum kimanin dubu 85, ta Gwandu kimanin dubu 150. Layin Mina zai kwashe duk jama'ar Kalgo na wancan lissafi, da jarirai da tsofaffi, cikin sa'a ɗaya da 'yan mintuna. Ko da yawan ya ninka tun daga lokacin, aikin bai kai na sa'a uku ba. Bayan nan me jirgin zai ɗauka? Ba wanda zai kawo taragai 12 Kalgo, gaskiya ne, amma ko ƙaramin jirgi mai tarago 3 yana bukatar dogo da shinge da waya da tashoshin wuta da ma'aikatar gyara, kuma waɗannan ne suke cin kuɗin, ba taragan ba. Gwandu kuwa tana da nisan kilomita 50 ko fiye daga Birnin Kebbi, tsakaninsu gonaki da ƙauyuka. Injin da aka ƙera don tashi da tsayawa duk bayan kilomita biyu ba shi da abin yi a irin wannan hanya.

Sai batun wuta. Kebbi tana kan babbar wayar bolt 330,000 da ta taso daga madatsar ruwa ta Kainji, daga Birnin Kebbi ne ma wata wayar ta ƙetara zuwa Yamai. Amma a watan Satumban 2023 gobara ta tashi a babbar tashar rarraba wuta ta Birnin Kebbi, jihar da maƙwabtanta suka kwana a duhu. Idan wuta ta ɗauke wa mai injin niƙa, sai ya jira ko ya tayar da janareto. Idan ta ɗauke wa jirgi, ɗaruruwan mutane ne a kulle cikin akwatin ƙarfe a tsakar rana, a garin da zafin watan Afrilu yake wuce digiri 40.

Legas ta san da haka. Shuɗin Layinta, jirgin birni na farko mai lantarki a Nijeriya, an yi masa tashar samar da wuta tasa ta kansa. Ya fara ɗaukar fasinja ranar 4 ga Satumba, 2023, a kan kilomita 13 daga Marina zuwa Mile 2, shekara fiye da goma bayan lokacin da aka fara cewa za a gama shi, kuma a makonnin farko kan dizal ne ya riƙa jan taragan kafin a saki wuta. Wutarsa bolt 750 ce, tana bin wani dogo na uku da ke kwance a gefen biyun da ƙafafu suke takawa, abin da ya sa aka killace layin aka yi ta gargaɗin jama'a kada su tsallaka. A ƙasar da burtali yake ratsa kowace hanya, yara suna kiwo, fadama tana cika da damina, dogo mai wuta a ƙasa tarko ne. Legas dai tana da jama'ar da za su cika jirgi ko da wane lokaci.

Abuja ta buɗe nata jirgin birnin a Yulin 2018, da injin dizal, ya tsaya a 2020, bai dawo ba sai Mayun 2024, kuma babban ƙorafin da aka yi ta yi a kansa shi ne tashoshinsa sun yi nisa da inda mutane suke zaune. Addis Ababa ta ƙasar Habasha ta buɗe nata mai lantarki a 2015 da jirage 41. Kafin a cika shekara goma, fiye da rabinsu sun kwanta saboda rashin kayan gyara. Sayen doki ba shi ne wuya ba, harawarsa.

Masu cewa ƙasa ba ta ci gaba da ƙaramin buri suna da hujja mai ƙarfi, kuma jirgin Mina ne hujjar tasu. Ga layin da ke aiki mako ɗaya a shekara, wanda babu ɗan kasuwar da zai zuba kuɗinsa a ciki, amma ba mai hankalin da zai ce asara ce. Haka ne, riba ba ita kaɗai ce ma'auni ba. Sai dai abin da ya halatta kuɗin a can shi ne cunkoson da babu wata hanyar warware shi, cunkoso mai iya cin rayuka. Haɗarin titin Kalgo na gaske ne, amma yana da magunguna masu arha waɗanda ba a gama gwadawa ba: manyan bas masu tashi a kan lokaci, wurin tsayawa na kirki, fitilu, da raba hanyar babura da ta tireloli. Kuɗin kilomita ɗaya na layin lantarki zai sayi bas masu yawan gaske.

Idan kuwa dogo ake nema wa Kebbi, akwai wanda ya fi cancanta a yi ta neman sa. Reshen da ya tashi daga Zariya ya bi ta Gusau ya tsaya a Ƙaura Namoda tun 1929, bai taɓa isa Sakkwato ba, balle Birnin Kebbi. An aza harsashin layin Kano zuwa Maraɗi ta Katsina da Jibiya a Fabrairun 2021. Shinkafar Argungu da Suru, da albasar Aliero, da dabbobi da hatsin kasuwar Jega, kaya ne masu nauyi masu tafiyar nesa, kuma a nan ne santsin ƙarfe bisa ƙarfe yake biyan kuɗinsa, ko da kan dizal ne yake ja. Abu ɗaya da ya kamata a yi wa jirgin birni tun yau, wanda ba ya cin kuɗi sosai, shi ne hukumar tsara birane ta keɓe fili a gefen titin Birnin Kebbi zuwa Kalgo ta hana gini a kansa. Garuruwan biyu suna matsowa juna, kuma biyan diyyar gidaje da rushe su yana daga cikin abubuwan da ke jinkirta irin waɗannan ayyuka a ko'ina.

Makarantu kuma suna da nasu rabon. Injin da ke ƙarƙashin taragon Mina ɗan'uwan wanda ke jan ruwa a rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana ne, da wanda ke juya injinan casar shinkafa, da wanda ke cikin babura da keke masu batir da suka fara shigowa kasuwannin Arewa. Matashin da ya iya naɗa wayar jan ƙarfe a irin wannan inji, ya kuma fahimci na'urar da ke sarrafa gudunsa, ba zai jira jirgi ba kafin ya sami aiki. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru da ke Birnin Kebbi da jami'ar kimiyya ta Aliero suna nan kusa. Malami ma yana iya ɗaukar dogo ya koyar da faɗaɗar ƙarfe: kilomita ɗaya na dogo, idan zafinsa ya ƙaru da digiri 30 tsakanin asubahin hunturu da azahar, zai so ya ƙara tsawon santimita 36, kuma injiniya dole ya san inda wannan tsawo zai tafi.

Akwai kuma aikin da ƙungiyar kimiyya ta kowace sakandare a Kalgo za ta iya yi da littafi da agogo kawai. Ɗalibai huɗu su tsaya a gefen titin da ya nufi Birnin Kebbi, nesa da kwalta, tare da malaminsu, daga ƙarfe 7 zuwa 9 na safe. Ɗaya ya ƙirga babura, ɗaya keke mai ƙafa uku, ɗaya ƙananan motoci, ɗaya bas, kowa yana rubuta yawan mutanen da ke ciki gwargwadon abin da ya gani, ana jan layi duk bayan minti 15. A maimaita ranar Litinin da ranar kasuwa da ranar Asabar, sau ɗaya lokacin da jami'a take karatu, sau ɗaya lokacin hutu. Takwarorinsu na Gwandu su yi haka a tashar motar garinsu. Sa'ar da ta fi cika ita za a ɗauka, a raba adadinta da 50 a ga bas nawa ne, sannan a ajiye shi kusa da 72,000. A adana littafin a ofishin shugaban makaranta, 'yan ajin baɗi su sake ƙirgawa a wuri ɗaya, a ranaku iri ɗaya.